Zan tafi hutu Jos da karen gidana, ku ba ni shawara

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni sakat kwana biyu, na ce bari in kawo muku. In Allah ya kai mu ranar 21 ga Disamba, yara sun samu hutu, zan kwashi iyali daga Kano mu tafi Jos wajen yayata mu yi kwana goma. Damuwata Duna ne, karen gidanmu. Shekararsa uku, ruwa biyu ne, uwarsa irin tamu ta gida, ubansa irin manyan karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke riƙewa. Na kawo shi yana ɗan kwikwiyo bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu cikin wata ɗaya, kuma tun da ya fara haushi ba a sake ba.

Bara mun je biki Gusau kwana biyar, na bar shi hannun wani yaro da ke mana aike. Na ba shi kuɗin abinci, na nuna masa komai. Da muka dawo na tarar da Duna ɗaure a gindin darbejiya, igiya ta nannaɗe bishiyar har ba ya iya kwanciya, kwanon ruwansa a kife ya bushe ƙayau, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Da ya gan ni ko haushi bai iya ba, jela kawai ya kaɗa. Ranar ban iya cin abinci ba, na kuma yi wa Allah alkawari ba zan sake barinsa haka ba. Bana da shi zan tafi. Motata Sienna ce, mu shida ne da yara. Bai taɓa tafiyar da ta wuce cikin gari ba. Me ya kamata in fara yi? Saura mako biyar.

Alhaji Sabo Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don gadi ka ajiye kare. In ka tafi da mai gadin, wa ka bar wa gidan? Ƙarshen shekara ne fa, lokacin da ɓarawo ke leƙen gidan da aka kulle. Ni a ganina ka nemi mutum babba mai amana, ka biya shi da kyau, ka bar karen a inda ya saba. Laifin yaron bara ne, kada ya sa ka ɗora wa kanka ɗawainiya a hanya.

Baban Khalifa:
Alhaji maganarku gaskiya ce, na kuma yi tunaninta. Ƙanina zai riƙa kwana a gidan, kuma yanzu muna da 'yan sintiri a layin. Sai dai shi ƙanin nawa tsoron kare yake, ko kusa da Duna ba ya zuwa, kuma tun asuba yake fita kasuwa sai dare. Na duba duk unguwar ban samu wanda karen ya yarda da shi ba ban da ni da Khalifa.

Dokta Hadiza:
Kafin a zo maganar mota da hanya, Baban Khalifa, tambaya ɗaya: yaushe rabon da a yi masa allurar rigakafin haukan kare? Kana da katin?

Baban Khalifa:
Dokta, sau ɗaya aka yi masa yana wata huɗu. Wani mai maganin dabbobi ne ya zo gida da jakarsa ya yi. Bai ba ni kati ba.

Dokta Hadiza:
To daga nan za mu fara, kuma cikin makon nan, kada ya kai mako mai zuwa. Ka ɗauka kamar ba a taɓa yi masa ba. Dalilina biyu ne. Na farko, a ƙasar nan duk shekara muke sabunta allurar, shi kuwa ya yi fiye da shekara biyu. Na biyu, wannan allura ba ta jure zafi, a firji take zama tun daga inda aka haɗa ta har ta shiga jikin dabba. Wadda aka yini ana yawo da ita a jaka cikin ranar Kano, babu mai iya rantse maka cewa tana da sauran ƙarfi. Ka kai shi asibitin dabbobi na gwamnati ko wajen likita mai rajista, ka ga an ciro kwalbar daga sanyi da idonka, a rubuta maka kati da rana da hatimi. Jiki na ɗaukar kamar mako uku zuwa huɗu kafin kariyar ta kama sosai, ka ga mako biyar ɗin nan naka bai yi yawa ba.

Na matsa kan wannan ne saboda gidan mutane za ka, akwai yaran da ba su san shi ba, shi ma bai san su ba. Kare mafi lafiyar hali yana iya kai cizo in ya gaji, yana baƙon wuri, yaro ya zo ya ja masa kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Ga shi kuwa rigakafinta ya daɗe, tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada shi kan wani yaro a Faransa ya tsira. Inda za ka ma, kusa da Jos bayan Bukur, can Vom take, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da aka kafa tun 1924, kuma suna haɗa allurar karnuka a can.

In ka je asibitin ka ce a haɗa masa da allurar nan ta cututtuka da yawa, wadda ke kare shi daga fabo, mai sa amai da gudawar jini, sannan a ba shi maganin tsutsar ciki.

Maman Iman:
Dokta Allah ya saka miki da alheri. Ina karanta wannan hawaye na zubo min. Shekarun baya a ƙauyenmu ɗan maƙwabciyar kakata, yaro ɗan shekara takwas, wani kwikwiyo ya ɗan yage shi a agara. Ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aka yanko gashin karen aka ƙona aka shafa masa, kamar yadda aka gada, ciwo ya warke kowa ya manta. Bayan wata biyu na je ziyara na same shi kwance, maƙogwaronsa ya bushe yana roƙon ruwa, uwar ta kawo a moɗa, da ya ga ruwan sai jikinsa ya ɗau karkarwa, ya ture da ƙarfi yana shaƙewa. Ko fifita aka yi masa sai ya zabura. Mutane suka ce iska ce. Kwana huɗu ya yi. Har yau in na ga moɗar silba sai na tuna fuskar uwar nan. Don Allah duk mai kare ya yi masa allura, ko tafiya za shi ko ba za shi ba.

Dokta Hadiza:
Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Kowa ya riƙe wannan: in kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, a duba agogo, sannan a tafi asibiti a ranar a fara allurai. Allurai ne da yawa a ranaku daban-daban, kada a yi ɗaya a daina. Shi kuma karen kada a kashe shi a jefar, a tsare shi a sa masa ido kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.

Abu Sumayya:
Ni fa abin da ya ɗaure min kai daban ne. Musulmi, da iyalinsa, a rufe cikin mota ɗaya da kare awa biyar? Yawunsa ya taɓa kayanku, ku sauka ku yi salla da su? Ga hadisi cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, ga na mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare. Mu ji tsoron Allah, kada mu kwaikwayi abin da ba namu ba.

Malam Auwalu:
Ɗan'uwa Abu Sumayya, Allah ya ƙara mana kishin addini. Hadisan da ka kawo ingantattu ne, sai dai a cika su. Hadisin rage lada ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kansu idan akwai buƙata ta gaskiya. Mutumin da aka haura wa katanga sau biyu yana da buƙata. Game da yawu kuwa, akwai saɓani sananne. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka karantar da mafi yawanmu a ƙasar Hausa, duk mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don najasa ba. Wanda ya bi ɗaya fahimtar ya wanke tufarsa, ya kyauta, ba a zarginsa.

Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne haƙƙin dabbar da ka tsare. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai lallagen ƙasa don ƙishi, Allah ya gafarta masa. Sun kuma ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Abin da Baban Khalifa ya tarar bara a gindin darbejiya ya fi kusa da labari na biyu, kuma shi yake gudu. Shawarata gare shi: kare a bayan mota cikin kejinsa, in an isa kuma wurinsa tsakar gida ko gareji, ba ɗakin kwana ko wurin salla ba, kwanonsa daban. Kuma ya nemi izinin masu gida tun yanzu, don baƙo ba ya kawo wa mai masauki abin da zai ƙuntata masa.

Abu Sumayya:
Na ji Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai zuciyata ba ta natsu da shiga mota da shi ba, kuma ba zan yi ba. Amma maganar haƙƙin dabba na karɓa.

Baban Khalifa:
Malam na gode. Maganar izini ta taɓa ni, don ni Yaya kawai na gaya wa, ban yi magana da mijinta ba. Yau da dare zan kira shi.

'Yar Tudun Wada Jos:
Sannunku. A Jos aka haife ni, nan nake aure, muna da karnuka biyu. Yayana, abu uku zan gaya maka game da garinmu a Disamba.

Sanyi. Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200, da dare a hunturu sanyi kan sauko kusa da digiri 10, ga iska mai shiga ƙashi. Karen da ya saba da simintin Kano kada a bar shi ya kwana a ƙasa a fili. A samu katako ko kwali mai kauri a shimfiɗa, a ɗora tsohon bargo, a sa shi inda bango ya tare iska.

Sai nokawut. Daga wajen 20 ga wata har shiga sabuwar shekara yara na fasa shi dare da rana, daren 24 da daren 31 kuwa kamar ana yaƙi. Karnuka na firgita ƙwarai. Namu babban, wanda ba ya tsoron kowa, shekarar farko ya tsinke sarƙa ya haura katanga, sai bayan kwana biyu muka same shi a wani kango ƙafarsa duk ta yayyage. Shi da ya san unguwa ke nan. Naka in ya fita bai san hanyar dawowa ba. Da magariba ta yi ka shigar da shi gareji ka rufe, ka bar masa rediyo a kunne ƙasa-ƙasa, ka riƙa leƙa shi.

Na ukun shi ne sata. A Filato akwai al'ummomin da kare abincinsu ne tun kaka da kakanni, kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke sananniya ce har daga kudu ake zuwa saye, sana'a ce da mutane ke ci da iyalinsu. Amma duk inda abu ke da kuɗi, ɓata-gari na neman na banza, kuma lokacin bukukuwa farashi na tashi. Babban kare mai ƙiba yana yawo shi kaɗai a titi, ba zai daɗe ba. Kada ka sake shi waje ko na minti ɗaya. Ka sa a buga maka lambar wayarka a ɗan ƙarfe ka maƙala a abin wuyansa, ka kuma ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe kafin ku taso.

Baba Sarkin Baka:
Jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekara sama da arba'in ina yawon farauta da karnuka tsakanin Ningi da Burra, mun sha loda su a akori-kura. Yaro, kare ba kaya ba ne, da hanci yake sanin duniya. Ka ɗauki buhun da yake kwana a kai yanzu, kada a wanke, da shi za ka shimfiɗa masa a mota, da shi zai kwana a can. In ya ji warin gida hankalinsa zai kwanta. Kwanonsa ma nasa na gida. Abin da ya saba ci shi za ka ɗauka, in tuwo ne da kan kifi to shi, kada a je gidan biki a cika shi da maiƙo da ƙashin kaza, ƙashin kaza dafaffe tsagewa yake kamar allura ya huda hanji. Ranar tafiya kada ka ba shi abinci da safe, ya ci da daren jiya, in kun isa ya huta sannan ya ci. Ruwa kuwa ka ɗebo na gidanku a jarka.

In kun tsaya a hanya, ka ɗaura igiya tun yana cikin keji kafin ka buɗe ƙofa. Na ga kare ya yi tsalle daga mota a bakin titi ya bi akuya, tirela ta bi ta kansa a gaban mai shi. Kuma kada ka bar shi ya cusa hanci cikin duwatsu ko ciyawa, ƙasar nan daga Filato zuwa Gombe akwai kububuwa, ƙarama ce amma dafinta ba wasa.

Baban Khalifa:
Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Da na yi niyyar saya masa sabuwar shimfiɗa, yanzu na fasa, buhunsa zan ɗauka.

Ɗan Tasha:
Ni direba ne, na yi shekara tara ina Kano zuwa Jos. Hanyar Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jengre, sai Jos, awa biyar ce ko ƙasa da haka in hanya ta yi kyau, amma da yara da kare ka ƙiyasta shida. Ka fita bayan gari ya waye, ka isa da rana tsaka ko la'asar, ban da tafiyar dare. Hazo na rufe hanya a Disamba, ka kunna fitila. Ka tsaya a Tudun Wada kafin daji, kada ka tsaya cikin Falgore ko me ya faru, sai ka fita, sannan ka ƙara tsayawa a Saminaka. Katin allurar ya kasance a gaban mota tare da takardunka, a shingen bincike in suka ga babban kare sukan yi tambaya, kuma ka riga su faɗa cewa akwai kare a baya kafin wani ya buɗe ya zura hannu.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai karanta wannan. Kada a sa dabba a but ɗin ƙaramar mota a rufe. Wani fasinja ya taɓa roƙona na sa masa karensa a but daga Kano, cikin watan Maris, ya ce ai ya saba. Na yarda don kuɗin da ya ƙara. A Tudun Wada na ji shiru na ce mu duba. Harshensa ya zazzago ya yi shuɗi-shuɗi, kumfa a baki, idonsa a buɗe. Muka zuba masa ruwa, ya yi numfashi biyu ya tafi. Na karɓi kuɗin ran nan, har yau yana damuna. Sienna bayanta a haɗe yake da cikin mota, iska na kai wa, wannan da sauƙi, amma kada a jibga jakunkuna a kan kejin.

Dokta Hadiza:
Ɗan Tasha ya faɗi abin da na fi tsoro bayan cizo. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 da 39 ne, in ya haura 41 kayan cikinsa sun fara lalacewa. Kada sanyin Disamba ya ruɗe ka, motar da aka ajiye a rana gilashi a rufe tana zama tanda cikin 'yan mintuna. In kun tsaya salla ko cin abinci, a fito da shi inuwa, mutum ɗaya ya zauna da shi. In ka ga haki ya yi yawa, yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi, ka jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwa mai sanyi, a kunna esi ko a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan a nemi likita.

Keji ya zama wanda zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta. Maƙeran Kano za su haɗa maka cikin kwana biyu, ka ce su goge bakin ƙarfen kada ya yanke shi. A ɗaure kejin da jikin mota, don in ka taka birki da ƙarfi, keji da kare mai kilo 30 kan yaranka zai faɗo. Kuma kada ranar tafiya ta zama ranar da zai fara shiga. Ka ajiye masa shi a tsakar gida a buɗe, ka riƙa sa masa abinci a ciki, bayan mako ka fara zagaya unguwa da shi minti goma, sannan rabin awa.

Maganar magani: kada wani ya ce ka ba shi maganin barci daga kemis don ya yi shiru. Yana saukar da jini, yana hana shi daidaita zafin jiki. Haka farasitamol da ibufurofen, namu ne, suna iya lalata masa hanta da ƙoda. A gidan biki kuma a ja wa yara kunne: ban da cakulan, ban da inabi da zabibi, ban da abinci mai albasa da tafarnuwa da yawa. Har goro, Baba Sarkin Baka ya sani, abin da ke cikinsa mai hana mu barci dangin na cakulan ne, kare ba ya iya narkar da shi kamar mutum. Ka kuma tambayi yayarka ko sun zuba maganin ɓera a gareji ko sito, a kwashe kafin ku zo.

Sadiq Bauchi:
Tunda kun zo Jos ai sai ku ƙaraso Yankari yara su yi wanka a Wikki. Ruwan ɗumi ne ko da hunturu, Duna ma ya sha iska.

Baba Sarkin Baka:
Yaran su je, karen ya zauna. Dajin nan akwai tsando, cizonsa na sa wa kare sammore, ya rame idonsa ya yi fari. Ga gwaggon biri a sansanin Wikki, sun saba da mutane ba sa tsoro, babban namiji haƙoransa sun fi na karenka tsawo. Wurin namun daji ba wurin karen gida ba ne.

Hajiya Bilki:
Daga Manchista nake bin ku. Abin ya burge ni, don a nan ma shirin tun da wuri ake fara shi. Maƙwabciyata in za ta tsallaka Faransa hutu da karenta, dole a dasa masa ɗan ƙwayar lamba a ƙarƙashin fata, a yi masa allurar haukan kare, a jira kwana 21, sannan likita ya ba da takardar lafiya cikin kwana 10 kafin tafiya. In za su dawo Birtaniya kuma sai an ba shi maganin tsutsa tsakanin kwana 1 zuwa 5 kafin shigowa. Kwana 21 ɗin nan shi ne dai abin da Dokta ta ce, jiki na buƙatar lokaci.

Baban Khalifa:
Jama'a ga inda aka kwana. Na kira mijin Yaya, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ba komai amma da sharaɗi biyu: kare ba zai shiga cikin gida ba, kuma in jikokinsa na tsakar gida a ɗaure yake. Na ce na yarda. Jiya Talata na kai Duna asibitin dabbobi, an yi allurai biyu, ga kati a hannuna. Likitan ya buɗe kunnensa ya nuna min kaska guda bakwai a maƙale a lungun ciki, wasu sun ƙoshi sun yi kamar ƙwayar wake, ni da nake wanke shi duk Asabar ban taɓa duba nan ba. Ya sa ɗan hantsaki ya kama kowace daga kai, dab da fata, ya ja a hankali ba murɗawa, ya jefa a kwalbar sifirit. Akwai wasu a tsakanin yatsun ƙafa. Wani maƙwabcina ya ce in ɗiga fiya-fiya a ruwan wankansa su mutu gaba ɗaya. Dokta ya kike gani?

Dokta Hadiza:
A'a, don Allah a'a. Fiya-fiya da maganin ƙwarin gona guba ne mai ratsa fata, na karɓi karnuka da yawa suna karkarwa da zubar da yawu bayan irin wannan wankan, wasu ba su tashi ba, kuma hannun mai wankan ma bai tsira ba. Ka koma wajen likitan ya ba ka na karnuka, akwai wanda ake ɗigawa a ƙeya, akwai ƙwaya da ake taunawa mai aiki wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon nauyinsa. Kaska na sa musu zazzaɓi mai cinye jini, to ka riƙa ɗaga leɓensa kana duba dasashi, in ya koma fari ko ya daina cin abinci kada ka jira. Ka feshe wurin kwanansa ma, don a tsagar bango suke ɓuya. Ka karɓi lambar wani likitan dabbobi na Jos tun kafin ka tashi.

'Yar Tudun Wada Jos:
Zan tura maka lambar wanda ke duba namu ta akwatin saƙo. Ka sayi takunkumi kuma, irin mai raga wanda zai iya haki a ciki, saboda ranar da gidan ya cika da baƙi.

Baban Khalifa:
An kawo keji. Kwana uku ya ƙi shiga, sai da Khalifa ya zauna a bakin ƙofar yana miƙa masa kan kifi. Zagayen farko ya yi amai kafin mu kai Kabuga. Na biyu yawu kawai ya yi ta zubarwa. Yau na huɗu, mun je har Kura mun dawo, ya kwanta a kan buhunsa ya ɗora haɓa a ƙafa. Takunkumin ne har yanzu yake ƙoƙarin cirewa da farce.

Dokta Hadiza:
Madalla. Takunkumin ka riƙa sa masa minti biyu ka cire ka ba shi abin da yake so, kullum kana ƙarawa. Ka saka tsumma da leda da sabulu a mota ko da aman zai dawo a hawan Jengre.

Baban Khalifa:
Alhamdu lillahi, mun sauka Jos ƙarfe biyu da rabi. Mun tsaya Tudun Wada da Saminaka kamar yadda Ɗan Tasha ya ce, ya sha ruwa sau biyu, bai yi amai ba. A wani shinge bayan Falgore an tambayi katin, na nuna. Yana gareji yanzu kan buhunsa da bargo, mijin Yaya da kansa ya kawo katakon da aka shimfiɗa. An fara fasa nokawut tun la'asar, ya shige ƙarshen keji yana rawar jiki, na kunna masa rediyo na zauna kusa da shi har ya lafa. Abincin dare rabi ya ci. Dokta, in bar masa sauran ko in ɗauke?

Dokta Hadiza:
Ka ɗauke, gajiya ce da baƙunta. Ruwa dai ya kwana a gabansa. Gobe da safe kafin yara su fara fashe-fashe ka zagaya da shi cikin gidan da igiya ya shinshina ko'ina, sannan ka ba shi abinci. In ya kai jibi bai dawo da cinsa ba ka kira likitan da aka ba ka lambarsa, ka kuma sanar da ni.